Farar Wuta a Ganga da Faranti: Tsakanin Adana Abinci da Algus

Duk wanda ya saba juya ledar zabibi ko kwalbar lemo ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, ya taɓa cin karo da wata lamba tsakanin E220 da E228, ko da kalmar salfayit. Dangin sinadarai ne da suka fito daga tsatso guda, wato farar wuta, dunƙulen nan mai ruwan ɗorawa da ake samu wajen 'yan koli, wanda aka daɗe ana niƙawa cikin man shafawa saboda ƙazuwa. Idan aka ƙyasta mata ashana takan ci da harshe shuɗi, ta fitar da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro da sa ido hawaye. Wannan hayaƙin, da gishire-gishiren da masana'antu suka koyi haɗawa daga gare shi, shi ya riƙe cinikin giyar inabi a Turai fiye da shekara 500, shi ne kuma yake riƙe da launin busassun 'ya'yan itace da jatan lande da garin dankalin Turawa da ke yawo a kasuwannin duniya a yau. Mutane sun rabu biyu a kansa. Wasu na ganin guba ce kamfanoni ke ɗura wa jama'a, wasu na cewa tsohon abu ne tun kaka da kakanni, don haka babu abin tsoro. A ganina tarihin bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya nuna shi ne sinadarin yana da aiki biyu da suka yi kama a ido amma suka saɓa a niyya: yana hana lafiyayyen abu lalacewa, yana kuma rufa asirin abin da ya riga ya soma lalacewa. Duk inda aka yi aikin farko da awo, aka kuma gaya wa mai saye, an amfana. Duk inda aka yi na biyu, ko aka yi na farkon a ɓoye, an cuci mutane, har an yi asarar rayuka.

Abubuwa biyu ne ke ɓata ruwan inabi da yankakkun 'ya'yan itace. Na farko ƙananan halittun da ido ba ya gani, yis na daji da bakteriya, waɗanda ke mayar da zaƙi tsami, su mayar da giya binega. Na biyu iska ce. Da zarar an fasa ɗan itace, wani inzayim da ke cikin namansa yakan haɗu da oksijin ya rina shi, kamar yadda farin goro ke canja launi jim kaɗan bayan an ɓare shi. Hayaƙin farar wuta yana narkewa cikin ruwan abin, ya kutsa cikin jikin ƙananan halittun ya dakatar da su, ya ɗaure wancan inzayim, ya kuma kama wasu sinadaran da ke ba tsohuwar giya warin ruɓaɓɓen tuffa. Da wuya a samu wani sinadari guda mai araha da ke yin waɗannan ayyuka duka a lokaci ɗaya, shi ya sa har yau ba a samu cikakken magajinsa ba. Amma a cikin wannan baiwar ne haɗarin yake. Launi da wari su ne shaidun mai saye. Macen da ta tsaya gaban teburin mahauci ba ta da ɗakin gwaji, idonta da hancinta ne ke gaya mata naman yau ne ko na shekaranjiya. Sinadarin da ke iya riƙe jan nama bayan naman ya kwana biyu ya toshe bakin shaidun nan ke nan.

Mai karatu na iya cewa, mene ne ruwanmu da tarihin giya, abin da yawancinmu ba ma sha, addini kuma ya haramta wa Musulmi? Amsar ita ce a cikin gangar giya ne aka fara auna wannan sinadari, a kanta aka fara rubuta masa doka, daga can kuma ya tsallako cikin zabibi da lemon kwalba da sukari. Ba a fahimtar dokar da ke kan ledar zabibi sai an san inda ta samo asali. Mutanen dā sun san hayaƙin farar wuta da tsarkake wuri. A tsohuwar waƙar Girkawa ta Odyssey, jarumin ya turara zaurensa da ita bayan kashe-kashen da aka yi a ciki, marubucin Rumawa Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya ambaci yadda masu sana'ar ulu ke turara shi da ita don ya yi fari. Amma rubutacciyar shaida bayyananniya kan amfani da ita wajen adana giya daga ƙasar Jamus ta fito, a ƙarni na 15. Kafin lokacin, giyar Turai ba ta da tsawon rai. Ana zuba ta cikin gangunan katako masu shan iska, kafin shekara ta zagayo yawancinta ta yi tsami. Jiragen ruwan da ke ɗaukar giyar Bordeaux zuwa Ingila sukan yi rige-rigen isa da sabuwar giya a ƙarshen kaka, domin sabuwa ta fi tsohuwa tsada, da sabuwa ta sauka farashin ta bara yakan faɗi warwas.

A 1487, zamanin Sarki Frederick na Uku, an yi taro a garin Rothenburg aka fitar da dokar giya ta daular Jamus, a 1498 kuma aka sabunta ta a Freiburg ƙarƙashin ɗansa Maximilian. Dokar yaƙi da algus ce tun asali, tana lissafa abin da mai giya bai isa ya zuba a ganga ba. Abin lura shi ne ba ta haramta farar wuta ba, ba ta kuma sake ta sakaka ba. Ta yanka mata awo: kimanin giram 16 ga babbar ganga mai cin ɗaruruwan lita. Ana shafa narkakkiyar farar wuta a jikin siraran katako ko tsumma, a kunna, a zura cikin gangar da babu komai, a toshe, hayaƙin ya kashe abin da ke maƙale a katakon kafin a zuba giya. Masu dokar ba su san bakteriya ba, sai bayan kusan shekara 380 Louis Pasteur ya bayyana a littafinsa na 1866 cewa rayayyun halittu ne ke ɓata giya. Duk da haka sun gane abin da har yau shi ne ginshiƙin maganar: kaɗan yana kiyayewa, da yawa yana sa mai sha ciwon kai da ciwon ciki, kuma mai sayarwa, in an bar shi da son ransa, ba zai tsaya a kaɗan ba.

Don a san darajar wannan awo, sai a dubi abin da ake yi wa giyar da aka bari ta yi tsami. Mai giya ba ya zubar da jarinsa. Tsawon ƙarnoni, hanyar da aka fi sani ta kashe tsamin ita ce a zuba garin darma, domin darma na haɗuwa da tsami ta ba da wani zaƙi-zaƙi. Masu sha sukan kamu da murɗar ciki mai tsanani, hannuwa su shanye, wasu su mutu, ana ta ɗora laifin a kan iska ko yanayin shekara. Wani likita a birnin Ulm mai suna Eberhard Gockel ne ya lura cewa a gidajen ibadar da yake dubawa, masu shan wata giya ne ke kwanciya, waɗanda ba su sha ba suna lafiya, ya bi sawu har ya gano darmar. A 1696 mai mulkin Württemberg ya haramta wannan haɗi, ya sa hukuncin kisa a kansa. Mu da muka ga abin da darma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Abin da nake son a gani shi ne zaɓin da ke gaban mutanen wancan zamani bai kasance tsakanin giya mai sinadari da giya tsarkakakkiya ba. Zaɓin tsakanin rigakafi ne mai awo tun abin yana lafiya, da kwaskwarima mai kisa bayan ya lalace.

'Yan kasuwar Holan ne suka yaɗa dabarar a ƙarni na 17. Su ne manyan dillalan teku a lokacin, suna sayen giya a gaɓar yammacin Faransa suna kai ta arewacin Turai, injiniyoyinsu ne ma suka janye ruwan fadamun Médoc da daga baya suka shiga sahun gonakin inabi mafiya tsada a duniya. Abokan cinikinsu na son farar giya mai zaƙi, ita kuwa mai zaƙi ta fi kowace saurin sake tsumuwa a hanya, tunda sauran sukarin da ke cikinta abincin yis ne. Lagwanin farar wuta ya warware musu matsalar, har Faransawa suka riƙa kiransa ashanar Holan. Da shi ne giya ta iya jure doguwar tafiya, da shi da kwalba mai ƙarfi da murfin toshiya ne kuma aka fara ajiye ta shekaru tana ƙara daraja. A ƙarni na 19 buƙatar farar wuta ta ninka, saboda masana'antun sinadarai na Ingila da kuma wata cutar fumfuna da ta afka wa gonakin inabin Turai wajen 1850, wadda aka gano barbaɗa garin farar wuta a ganye yana maganinta. Kusan duk wannan daga tsibirin Sisili ake haƙo ta, kuma bai kamata a ba da labarin a tsallake waɗanda suka ɗauko ta a ƙeya ba. Yara ne ƙanana, wasu ba su kai shekara goma ba, iyayensu matalauta sun karɓi kuɗin gaba sun miƙa su ga mahaƙa, suna hawa da sauka cikin ramuka masu zafi da buhun dutse a baya har ƙashinsu ya tanƙware. Booker T. Washington, wanda shi kansa an haife shi cikin bauta a Amurka, ya ziyarci ramukan a 1910 ya fito yana jimamin abin da ya gani. Abin da ya karya kasuwar Sisili ba tausayi ba ne, dabarar Herman Frasch ce ta narkar da farar wuta a ƙarƙashin ƙasa da ruwan zafi, wadda aka fara gwadawa a Louisiana a 1894.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da sinadarin ya tashi daga hayaƙi ya koma gari. Turara ganga aiki ne mai iyaka, domin iskar da ke cikin ganga in ta ƙare wutar mutuwa take. Amma da masana'antu suka fara sayar da salfayit a matsayin farin gari mai arha a gwangwani, sai ya zama kowane mahauci na iya barbaɗa shi da cokali. A ƙarshen ƙarni na 19 biranen Amurka da Ingila sun cika maƙil, abinci na zuwa daga nesa, firiji bai wadatu ba, sai 'yan kasuwa suka rungumi sinadarai: boraks a nama da man shanu, fomalin a madara, salfayit a niƙaƙƙen nama. A nan ne aikin na biyu ya bayyana ƙarara. Naman da ya yi duhu ya soma wari, in aka niƙa shi aka barbaɗa masa garin, sai ya dawo ja jawur, warin ya kwanta. Ba adanawa aka yi ba, shaida aka ɓatar. Babban masanin sinadarai na ma'aikatar gona ta Amurka, Harvey Wiley, ya tara samari 12 daga ma'aikatan gwamnati a 1902, suka yarda su riƙa cin abinci a ƙasan ofishinsa ana sa musu waɗannan sinadarai da awo, ana auna duk abin da ya shiga jikinsu da wanda ya fita. 'Yan jarida suka laƙaba musu Rundunar Guba. A rahotonsa na 1907 kan salfayit, Wiley ya ba da labarin ciwon kai da ciwon ciki, ya yanke cewa bai dace da abinci ba ko kaɗan.

Bai yi nasara a kan wannan ba. Dokar tsabtar abinci da magunguna ta 1906 ta riga ta fito, ma'aikatar ta yanka iyakar miligiram 350 a kowane kilo, sai manoman Kalifoniya masu turara 'ya'yan itace kafin su shanya, da masu sukarin Louisiana, suka tayar da ƙura cewa za a kashe musu sana'a. Shugaba Theodore Roosevelt ya kafa kwamitin masana a 1908 ƙarƙashin Ira Remsen don ya sake duba hukunce-hukuncen Wiley, aka kuma bar amfani da sinadarin ya ci gaba bisa sharaɗin a rubuta a jikin kaya. Wiley ya ajiye aiki a 1912 cikin ɓacin rai. An saba ba da wannan labari a matsayin gwarzo da 'yan jari-hujja suka kayar, kuma akwai gaskiya a ciki, domin matsin masu kuɗi ne ya haifi kwamitin. Amma adalci ya sa a faɗi cewa gwajin Wiley yana da rauni: mutanen kaɗan ne, sun san abin da ake ba su, wasu kuma a ƙunshin magani suka haɗiye shi tsagwaronsa, ba yadda yake a cikin abinci ba. Kuskurensa shi ne ya haɗa mahaucin da ke rina ruɓaɓɓen nama da manomin da ke turara ɗanyen ɗan itace a kwando ɗaya. Birtaniya ta fi kusantar daidai a dokarta ta 1925, wadda ta kori boraks da fomalin daga abinci gaba ɗaya, ta bar sinadarai biyu kacal, hayaƙin farar wuta da benzowik, a jerin abinci ƙayyadaddu, kowanne da awonsa.

Sai kimiyya ta ƙaro wata hujja da Wiley bai da ita. A 1935 masanin Amurka Robert Williams, yana ƙoƙarin gano ginin bitamin B1, ya tarar cewa salfayit na tsaga bitamin ɗin gida biyu. Wannan ya taimaka masa ya haɗa shi a ɗakin gwaji a shekarar da ta biyo, amma ya kuma tona cewa sinadarin na kashe ɗaya daga cikin abubuwan da ake cin nama dominsu. Rashin B1 ne ke kawo cutar beriberi mai lalata jijiyoyi da zuciya. Shi ya sa dokar Amurka ta hana sa salfayit a nama da duk abincin da aka san shi da wannan bitamin. Likitocin dabbobi a Ostireliya sun sha ganin karnuka da kyanwoyi da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda an daɗe ana ciyar da su naman dabbobi mai salfayit. Birtaniya da Ostireliya har yau sun yarda da shi a sosej, da awo da rubutu, amma ba a tsagwaron niƙaƙƙen nama ba, kuma har yau masu duba abinci kan kama mahautan da ke saɓa wannan.

Darasi mafi zafi ya zo a makare. Tun ƙarshen shekarun 1950 Amurka ta sa salfayit a jerin abubuwan da aka ɗauka ba su da illa. A shekarun 1970 gidajen abinci suka shigo da yayin jera ɗanyen ganye a dogon tebur kowa ya ɗebi son ransa, kuma don kada latas da yankakkun 'ya'yan itace su yi yaushi ko duhu, ma'aikata suka riƙa tsoma su cikin ruwan salfayit, ba awo, ba sanarwa. A giya ko busasshen ɗan itace, wani kaso na sinadarin yakan ɗaure da sukari da sauran abubuwa, amma a jikin latas yakan zauna a sake. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne, domin jiki yana da inzayim, musamman a hanta, da ke mayar da salfayit gishiri marar illa ya fita ta fitsari. Amma akwai wasu masu ciwon asma, waɗanda bincike ya ƙiyasta tsakanin kashi 3 zuwa 10 cikin ɗari na manyan masu ciwon, da ƙirjinsu ke toshewa cikin mintuna. Mutum ya zaɓi ganye don yana neman lafiya, ya tashi daga tebur zuwa asibiti. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta karɓi ɗaruruwan ƙorafe-ƙorafe, aka danganta mutuwar mutum 13 da lamarin, kafin a 1986 ta haramta sa salfayit a ɗanyun ganyaye da 'ya'yan itacen da za a ci ɗanye, ta kuma wajabta rubuta shi a duk abincin da ya kai miligiram 10 a kilo. Kwalaben giya suka bi sahu jim kaɗan bayan haka, Tarayyar Turai kuma ta wajabta rubutun a kan giya daga 2005. A duba abin da ya haɗu a teburin nan: abincin da ake sayarwa da sunan sabo, sinadarin da aikinsa kawai ya sa na jiya ya yi kama da na yau, rashin awo, da mai ci da ba a gaya masa ba.

Mai adawa zai ce, in haka ne me ya sa ba za a haramta shi gaba ɗaya a huta ba? Yana da hujja. A yankin Beaujolais na Faransa, wani ɗan kasuwar giya kuma masanin sinadarai, Jules Chauvet, wanda ya rasu a 1989, ya nuna ana iya yin giya ba tare da ƙara salfayit ba, almajiransa irin su Marcel Lapierre suka bi hanyarsa, yau kuma tafiyar ta zama kasuwa mai zaman kanta. Dafawa da sanyaya da tacewa sun rage buƙatar sinadarin a lemo, Tarayyar Turai ma ta yi ta rage haddinta, wanda yanzu yake miligiram 150 a lita ga jar giya marar zaƙi da 200 ga fara. Duk wannan ci gaba ne. Amma hanyar Chauvet tana buƙatar lafiyayyen inabi da aka tsinka da hannu, da tsabta mai tsanani, da sanyi tun daga ma'ajiya har teburin mai saye. Sanyi kuwa kuɗi ne da wutar lantarki, abin da yawancin duniya ba ta da tabbacinsa. Haramci gaba ɗaya ba zai hana abinci ruɓewa ba, zai dai mayar da ɗan kasuwa ga abin da ya fi muni kuma a ɓoye, kamar yadda tarihin darma da fomalin ya nuna. Ba a ma iya raba giya da sinadarin ƙaƙaf, tunda yis da kansa yana samar da ɗan kaɗan yayin tsumuwa. Kuma mai shan giyar da ke zargin salfayit da ciwon kansa na safe ya bar babban mai laifi ya kama ƙarami: Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 da barasar kanta.

Akwai wata adawar da ta fi wannan ƙarfi, wadda ke cewa layin da na ja tsakanin adanawa da kwaskwarima ba ya fita sarai a aikace. Misalinta Malatya ce a gabashin Turkiyya, babbar cibiyar busasshen afirikot ta duniya. A can manoma kan jera 'ya'yan itacen a akwatuna cikin rufaffen ɗaki, su ƙona farar wuta na sa'o'i, sannan su shanya a rana. Wanda aka turara yakan fito ruwan lemo mai sheƙi, wanda aka shanya kawai yakan fito launin ƙasa-ƙasa, kuma dukansu ana ci. To launin nan adanawa ne ko ado? Amsata ita ce duka biyun, kuma awo ne ke raba su. Turarawa na hana fumfuna da ƙwari, tana ba da damar a bar ɗan itacen da laushi, tana kuma kare bitamin C da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ba ta yi wa kowa ƙarya game da shekarunsa ba, tunda babu mai ɗaukar busasshen abu a matsayin na yau. Amma abin da aka ƙara fiye da buƙatar adanawa, don kawai launi ya jure watanni a kanta, na ido ne, kuma cikin mai saye ke biya. Haddin Turai a wannan kaya miligiram 2,000 ne a kilo, ninki goma na farar giya. Awon da kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe da sawa shi ne miligiram 0.7 a rana ga kowane kilo na nauyin mutum. Yaro mai kilo 20 ke nan rabonsa miligiram 14, abin da giram 7 na afirikot mai cikakken haddi zai cike, wato kusan ƙwaya ɗaya. An gina awon da rata mai faɗi, wuce shi rana ɗaya ba ya nufin cuta, amma lissafin ya isa ya nuna cewa ba kwalbar giya ce inda ya fi kamata a sa ido ba. A 2022 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta janye awon da take aiki da shi saboda ƙarancin bayanai, ta kuma ce masu yawan cin irin waɗannan abinci na iya wuce abin da ya dace. Wannan dalili ne na rage haddi a inda ado ya rinjayi adanawa.

Inda duk wannan ya fi shafarmu shi ne batun rubutu. Kariyar da Turai da Amurka suka tsaya a kanta ta dogara ga mai saye ya ga kwali ya karanta. A kasuwanninmu kuwa kaya kan iso cikin katan ko buhu, dillali ya farke, a ƙulla a fararen ledoji ko a auna da gwangwani, rubutun ya tsaya a jikin katan ɗin da aka yar. Zabibi da sauran busassun 'ya'yan itacen da ake shigowa da su, har da na tsarabar alhazai, sau da yawa haka suke isa gida. Ko inda rubutun ya tsira, da Turanci ko Faransanci ko Larabci yake, da lamba wadda ba kowa ya san ma'anarta ba. Wannan bai rushe hujjar sanarwa ba, ya dai nuna cewa nauyin yana kan wanda ya farke katan ɗin. Hukumar NAFDAC da takwarorinta a Nijar da Gana da Kamaru suna da ikon wajabta wa masu sake ƙulla kaya su kwafe gargaɗin a kan kowace leda, da harshen da masu saye ke ji, su kuma riƙa gwada niƙaƙƙen nama da yankakkun ganyaye a manyan kantuna da otal-otal, tunda gwajin salfayit ba mai tsada ba ne. Likitoci da ma'aikatan jinya su riƙa tambayar mai asma abin da ya ci kafin ciwon ya tashi. Kai kuma mai karatu, in kana da asma ko kana da yaro mai ita, ka duba lambobin nan daga E220 zuwa E228 a jikin lemo da busassun 'ya'yan itace da jatan lande, in kuma ƙirji ya taɓa toshewa jim kaɗan bayan cin ɗayansu, ka gaya wa likita sunan abin, kada ka sake gwadawa a gida.